BABI NA BIYU: TARIHIN HARAJIN 'YAN KASUWA DA HANYOYIN KAI KUKA A ƘASAR KANO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi domin a ga yadda harajin da ake ɗora wa 'yan kasuwa da masu sana'a ya faro a ƙasar Kano, da irin sauye-sauyen da ya samu tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa dokokin da suka fara aiki a shekarar 2026. An fi mayar da hankali ga harajin da hukumomin da ke kusa da ɗan kasuwa suke karɓa, wato masarauta da En'e a da, da kuma gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma a yanzu.

A kowane zamani za a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, me ake karɓa? Ta biyu, wa yake karɓa? Ta uku, idan ɗan kasuwa ya ga an yi masa ba daidai ba, ina yake kai kukansa, kuma wa yake tsaya masa? Abin da babin yake son nunawa shi ne, tambaya ta uku ita ce ta fi daɗewa ba a amsa ta ba. Tsawon ƙarnoni mai karɓar haraji shi ne mai yanke hukunci a kan kukan da aka kai game da harajin, kuma ko da doka ta raba waɗannan ayyuka biyu, ƙaramin ɗan kasuwa bai kai ga cin moriyar rabawar yadda ya kamata ba.

2.1 Haraji a Zamanin Sarakunan Haɓe

An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), kuma tun daga lokacin ta zama matattarar fatake daga arewacin Afirka da Barno da ƙasashen kudu. Tsarin kasuwar Bahaushe ya ginu ne a kan sarautun sana'a, kamar Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da Sarkin Dillalai da Sarkin Maƙera. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ayyuka biyu a hannunsa. Shi ne yake tattara abin da za a kai fada daga 'yan sana'arsa, kuma shi ne yake sasanta su idan rigima ta taso.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi (1623-1648) ne ya fara karɓar jangali daga Fulani makiyaya. A ƙarni na 18 kuwa, yawan yaƙe-yaƙe da kuɗin da ake kashewa a kan dawakai da makamai sun sa fada ta juyo kan kasuwa. Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731) ya ƙirƙiro sababbin kuɗaɗen da ake karɓa, ciki har da na kasuwar Kurmi. Magajinsa Kumbari (1731-1743) ya tsananta karɓar har ta kai ga malamai ma sai da suka biya. Sakamakon da littafin ya bayar shi ne, kasuwar ta kusa mutuwa, Larabawa 'yan kasuwa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka fice zuwa ƙauyuka.

Wannan labari yana da muhimmanci ga nazarin nan, domin ya nuna hanyar farko da ɗan kasuwa ya sani ta nuna rashin yarda da haraji. Tunda wanda ya ɗora harajin shi ne sarki, kuma babu wata kotu a samansa, abin da ya rage wa wanda aka matsa wa shi ne ya naɗe kayansa ya nemi wani gari. Wato da ƙafarsa yake ɗaukaka ƙara.

2.2 Jihadi da Tsarin Ƙarni na 19

Yawan haraji yana daga cikin abubuwan da masu jihadin 1804 suka soki sarakunan Haɓe a kansu. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa kuɗaɗen da ya ce shari'a ba ta san da su ba, kamar jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da kuma abin da ake ɗiba daga kayan 'yan kasuwa da naman mahauta a ranar kasuwa. Abin da malaman jihadi suka amince da shi shi ne zakka da haraji a kan ƙasa da jiziya da humusin ganima, kowane da ƙa'idarsa a cikin littattafan fiƙihu.

Sai dai kuma bayan da mulki ya zauna, da yawa daga cikin tsofaffin kuɗaɗen sun dawo. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Ya kuma ambaci kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, da kuɗin dabino, wuri 600 a kan kowace bishiya, da kuɗin rafi a kan kayan lambu. Idan aka lura za a ga cewa harajin yana bin sana'a ne ɗaya bayan ɗaya, ta yadda mutum guda mai gona da marina da lambu zai iya biya sau uku.

Hanyar karɓar kuwa doguwa ce. Hakimai suna zaune a birni, kowane yana da garuruwan da aka ba shi a warwatse, sai ya riƙa aika jakada ya karɓo masa. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa jakada, daga jakada zuwa hakimi, sannan a kai wa sarki. Kowane hannu da kuɗin ya ratsa yana da nasa rabo, domin babu albashi.

Duk da haka, wannan zamani ya kawo ci gaba ta fuskar kai kuka. An samu alƙalai masu hukunci da fiƙihun Malikiyya, kuma majalisar sarki tana sauraren ƙarar zalunci da talaka ya kawo a kan mai riƙe da sarauta. A ƙa'ida ke nan, marini ko bafatake yana iya zuwa ƙofar fada ya ce jakada ya karɓi fiye da kima. Matsalar ita ce, kuɗin da ake jayayya a kansu a ƙarshe fadar za su shiga, kuma wanda ake ƙara bara ne na wani hakimi da yake zaune a majalisar. Saboda haka 'yan kasuwa suka fi dogara ga uban gida. Baƙon bafatake yana da fatoma ko maigidan da yake saukarsa, wanda zai yi masa magana a wurin masu iko, manyan attajirai kuwa suna kai gaisuwa domin a san da su tun kafin matsala ta taso. A iya cewa uban gida shi ne lauyan wancan zamani.

2.3 Zuwan Turawa da Mulkin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na shekarar 1903. Gwamna Lugga ya ɗauki karɓar haraji a matsayin babbar alamar cewa mulki ya koma hannunsu. Abin da ya fara shafar fatake kai tsaye shi ne kuɗin fito da aka ɗora wa ayari, kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har iyakar kashi 15 cikin ɗari. Fatake sun koka, kamfanonin Turawa ma sun koka saboda yana rage cinikinsu, sai aka soke shi a shekarar 1907. Abin lura a nan shi ne, kukan da ya yi tasiri shi ne na waɗanda suke da bakin magana a Ingila.

Dokar kuɗin shiga ta shekarar 1906 ta nemi ta haɗe kuɗaɗen gargajiya masu yawa su koma haraji guda da ake ƙiyastawa a kan arzikin gari, sai jangali da aka bari a gefe. An fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, aka rage ƙarfin jakadu. Daga wajajen 1911 tsarin Baitulmali ya kafu a masarautu, inda ake raba abin da aka tara tsakanin gwamnatin Turawa da En'e, sarki da hakimai da alƙalai kuma suka koma karɓar albashi. An kuma tilasta biya da kuɗin Turawa maimakon wuri ko hatsi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, neman kuɗin haraji ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka tura manoma ga noman gyaɗa, cinikin gyaɗar kuma ya haifar da sabon rukunin attajirai. Irin waɗannan ne daga baya aka riƙa yanka wa haraji na musamman da aka fi sani da kuɗin masu arziki, wanda ake ƙiyastawa bisa abin da ake ganin mutum ya mallaka, tunda yawancinsu ba su ajiye littafin ciniki irin wanda hukuma take ganewa.

Wannan tsari ya kawo rasit da rajistar masu biya, abin da ba a saba da shi ba a da. Amma ta fuskar kai kuka, al'amarin ƙara cukurkuɗewa ya yi. En'e ce take yanka haraji ta hannun dagaci da hakimi, ita take da 'yan doka masu kamo wanda bai biya ba, ita take biyan albashin alƙalin da zai hukunta shi, kuma gidan yarin da za a kai shi nata ne. Bugu da ƙari, doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan En'e. Wanda bai gamsu ba yana iya kai kuka ga Di'o ko Razdan, to amma manufar mulkin Turawa ita ce ɗaga darajar sarakuna, don haka sau da yawa akan mayar da kukan wurin wanda aka kawo ƙararsa. Wannan ne ya sa rubuta takardar koke ta zama sana'a, inda masu ilimin boko ko na ajami suke rubuta wa jama'a a biya su.

Ba abin mamaki ba ne da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma Malam Aminu Kano ya jagorance ta daga baya, ta sami karɓuwa a wurin ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu irin su teloli da mahauta da dukawa. Zaluncin da ake yi wajen yanka haraji da rashin 'yancin kotunan alƙalai suna cikin manyan abubuwan da take magana a kansu. A wannan mataki jam'iyya ce ta zama wurin kai kukan da kotu ba ta saurara ba.

2.4 Daga 'Yancin Kai Zuwa Soke Haraji da Jangali

Gab da samun 'yancin kai, hukumar Raisman ta 1958 ta ba da shawarar a bar harajin kuɗin shigar mutane a hannun gwamnatocin jihohi uku na lokacin, harajin kamfanoni kuma a hannun tarayya. Wannan rabo shi ne tushen abin da ake bi har yau. Kamfanin da aka yi wa rajista tarayya yake biya, amma ɗan kasuwar da yake ciniki da sunansa ko da sunan shagonsa jiharsa yake biya. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1962, wadda ta ƙunshi harajin jama'a da jangali da harajin kuɗin shiga na ma'aikata da manyan 'yan kasuwa.

Sauyi mafi girma ya zo ne a zamanin soja. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, aka soke kotunan sarakuna. Daga bisani 'yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun gwamnatin tarayya. Wannan ne karo na farko a tarihin ƙasar Kano da mai karɓar haraji ya daina zama mai kotu. A 1975 aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, a 1976 kuma aka kafa hukumar ba da agajin lauyoyi ga marasa ƙarfi, ko da yake aikinta na farko ya taƙaita ne ga wasu manyan laifuffuka, bai shafi jayayyar haraji ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 kuma ya lissafa ayyukansu, ciki har da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da ba da lasin kekuna da amalanke, da tsara shaguna da allunan talla. A shekarar 1979 ɗin ce gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Alhaji Abubakar Rimi a Kano da ta Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna ƙwarai, kuma kuɗin man fetur da ke zuwa daga tarayya ya sa ba a ji giɓin nan take ba. Sai dai sokewar ta bar ƙananan hukumomi ba su da wani babban harajin kansu. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, wurin da suka fi sauƙin samun kuɗi shi ne inda ciniki yake a fili, wato kasuwa da tasha da shagon bakin titi.

2.5 Yawaitar Haraji da Dokar 1998

A shekarar 1993 gwamnatin soja ta yi dokoki biyu masu muhimmanci. Doka mai lamba 104 ta daidaita harajin kuɗin shigar mutane a duk ƙasa, jihohi kuma suke karɓa. Doka mai lamba 102 ta kawo harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari daga farkon 1994, wanda ya maye gurbin harajin sayar da kaya da jihohi suke karɓa. An ɗaga shi zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

A cikin shekarun 1990 jihohi da ƙananan hukumomi da dama sun ba 'yan kwangila aikin tara haraji bisa sharaɗin za su ɗauki wani kaso na abin da suka tara. Idan aka duba da kyau, wannan tsarin jakada ne ya dawo da sabuwar riga, domin wanda rabonsa ya dogara ga yawan abin da ya karɓo ba shi da dalilin sassautawa. An riƙa kafa shingaye a hanya, ana garƙame shaguna, ana ƙirƙiro kuɗaɗe masu sunaye daban-daban a kan abu guda.

Koke-koken da suka biyo baya ne suka haifar da Dokar Soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta jera abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Daga cikin na jiha akwai harajin kuɗin shigar mutane, da harajin motoci, da rajistar wurin kasuwanci, da kuɗin raya ƙasa wanda bai wuce Naira 100 a shekara ba, da kuɗin kasuwar da jiha ta sa kuɗinta a ciki. Dokar ta ƙayyade rajistar wurin kasuwanci a birni kada ta wuce Naira 10,000, sabuntawa kuma Naira 5,000 a shekara, a karkara kuwa Naira 2,000 da Naira 1,000. Ƙaramar hukuma an ba ta abubuwa 20, ciki har da kuɗin shago da kes, da kuɗin gine-gine, da na mayanka, da na tasha, da na kwashe shara, da na allon talla, da jangalin da makiyayi kaɗai zai biya. Dokar ta haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji, ta kuma hana kowa yankawa ko karɓa in ba hukumar harajin da abin ya shafa ba. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ko duka biyun.

Amfanin wannan doka ga ɗan kasuwa shi ne ta ba shi ma'auni. A karon farko yana iya tambayar mai karɓa ya nuna masa sunan kuɗin a cikin jerin. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa wannan a 2007, a shari'ar Ƙaramar Hukumar Eti-Osa ta Jihar Legas, inda ta yanke cewa ƙaramar hukuma ba ta da ikon ƙirƙiro harajin da ba ya cikin jerin. A 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar gwamnatin Legas da otal ɗin Eko, ta ce ba za a karɓi harajin sayar da kaya na jiha a kan abin da ake biya wa VAT ba. A 2018 kuma Babbar Kotun Tarayya ta rushe harajin kashi 5 cikin ɗari da dokar Jihar Kano ta 2017 ta ɗora a kan wasu kayayyaki da hidimomi, bisa wannan dalili na biya sau biyu. Wannan ƙara ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta ƙasa ce ta shigar tare da wani babban kamfanin kantuna. Amma dokar 1998 ita ma ta gamu da cikas. A 2015 Ministar Kuɗi ta faɗaɗa jerin, a 2020 Babbar Kotun Tarayya ta ce minista ba shi da ikon gyara doka, kuma a wannan shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ƙaramar Hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce dokar ta ci karo da tsarin mulkin 1999.

2.6 Hanyoyin Kai Kuka da Samun Taimakon Shari'a

Dokar hukumar tara haraji ta tarayya ta 2007 ta kafa Kotun Sauraren Ƙararrakin Haraji, wadda ta fara aiki a 2010 a shiyyoyi takwas, kuma mazaunin shiyyar Arewa maso Yamma yana Kaduna. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, wanda aka aiko wa takardar ƙiyasin haraji yana da kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa tare da dalilai. Idan hukuma ta ƙi gyarawa, yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara wannan kotu, daga nan kuma a ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi fassarar doka. Wanda ya yi shiru har wa'adin ya wuce, ƙiyasin ya tabbata a kansa ko da kuskure ne. Mai ƙara yana iya tsayawa da kansa, ko lauya ko akanta ya tsaya masa. Ƙa'idojin kotun na 2021 sun shar'anta a ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurari ƙara, amma Babbar Kotun Tarayya ta soke wannan sharaɗi a 2023 saboda ya tauye haƙƙin sauraro.

Kuɗaɗen ƙaramar hukuma kuwa, irin su na shago da na allon talla, hanyarsu ita ce Babbar Kotun Jiha, inda ake neman ta bayyana cewa kuɗin ba ya bisa doka, ta kuma hana karɓarsa. A nan ne buƙatar lauya ta fi fitowa fili, domin akwai tarkon lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa, dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama kuma suna buƙatar a ba da sanarwa a rubuce kafin a kai ƙara.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, waɗanda sababbin ƙa'idojin biyansu suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Sun yafe haraji a kan Naira 800,000 ta farko na kuɗin shigar mutum a shekara, sun ci gaba da Kotun Sauraren Ƙararrakin Haraji, sun kuma kafa ofishin mai sauraren koken masu biyan haraji, wanda ake kai wa kuka kyauta a kan yadda jami'ai suke mu'amala da jama'a. Sai dai wannan ofishi ba shi ne yake yanke yawan abin da mutum zai biya ba.

Tambayar ita ce, wa yake iya bin waɗannan hanyoyi? Shari'o'in da aka ambata a sama yawancinsu manyan kamfanoni ne da ƙungiyoyinsu da gwamnatoci suka yi su. Mai wannan nazari ya taso yana taya mahaifinsa zaman shagon kayan masarufi, kuma ya shaida shekarar da rukuni uku na masu karɓa suka zo cikin 'yan makonni, kowane da takardarsa, biyu daga cikinsu a kan allo guda da ke saman ƙofa. Da mahaifin ya nuna rasit ɗin farko, sai aka ce wannan na wani ofishi ne daban, aka sa wa shagon kwaɗo. Kuɗin da ake nema bai kai abin da lauya zai karɓa don rubuta wasiƙa ɗaya ba, ga kuma cinikin yini da ake asara. Shugaban ƙungiyar 'yan layin ne ya je ya yi magana, aka rage kuɗin, aka biya ba tare da rasit ba, aka buɗe shagon. Babu wanda ya tambayi ko kuɗin yana cikin wata doka. Abin da ya faru a ranar bai bambanta da abin da fatoma yake yi wa baƙonsa a ƙarni na 19 ba.

Wannan ya nuna cewa ƙungiyar 'yan kasuwa ita ce ta gaji matsayin Sarkin Kasuwa da uban gida, kuma ita ce take da damar cike giɓin. Abin da ya fi ƙarfin mai shago ɗaya bai fi ƙarfin masu shago ɗari ba idan suka haɗa kuɗi suka riƙe lauya ko akanta guda. Matsalar da ake fuskanta ita ce, a wurare da yawa hukuma takan ba ƙungiyar aikin tara kuɗin daga 'ya'yanta, ta haka sai mai karɓa da mai tsaya wa wanda aka karɓa daga gare shi su sake zama mutum ɗaya.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin harajin 'yan kasuwa a ƙasar Kano tun daga kasuwar Kurmi ta zamanin Rumfa. An ga yadda tsanantawar Kumbari ta kori fatake zuwa Katsina, da yadda kuɗaɗen da masu jihadi suka soka suka dawo a ƙarni na 19, da yadda En'e ta haɗa yanka haraji da kamu da hukunci a hannu ɗaya. An kuma ga cewa gyaran kotuna na 1967 zuwa 1968, da jerin 1998, da kotun haraji ta 2007, da dokokin 2025, duk matakai ne na raba mai karɓa da mai hukunci. Abin da ya rage shi ne tsada da nisa da ƙarancin sani, waɗanda suke hana ƙaramin ɗan kasuwa isa ga hanyoyin da doka ta buɗe masa, har ya gwammace sasantawar da ba ta da rasit.

A babi na uku za a dubi kalmomi da salon maganar da 'yan kasuwa suke amfani da su a tsakaninsu da masu karɓar haraji, domin a ga yadda wannan dogon tarihi ya bar sawunsa a cikin harshen Hausa.